Gatari a hannun wa yake?

Yara, in rani ya yi, ku fita bayan garin Cadakori ku dubi gonaki. Za ku ga gona biyu, iyaka ɗaya ta raba su. Ƙasarsu ɗaya ce, jigawa. Ruwan da ya sauka a wannan, shi ya sauka a waccan. Amma ɗaya cike take da gawo da kalgo da sabara da aduwa, awaki na kwance a inuwa suna tuƙa. Ɗayar kuwa fayau take kamar tafin hannu, in iska ta taso sai rairayi ya yi ta gudu a kanta. In kuka tambayi mai gona ta biyu dalili, da wuya bai ce muku ba: "Haka Allah ya so." Gaskiya ne, babu abin da ke faruwa sai da yardar Allah. Amma akwai tambaya guda da nake so ku riƙa yi, ko da a zuci: ranar da aka yi sassabe, gatari a hannun wa yake?

Bari in ba ku labarin yadda itatuwan nan suka komo, don da yawa cikinku suna tsammani tun fil'azal haka ƙasarmu take.

Zamanin kakanninku gujiya ita ce kuɗi. Saboda ita aka yi ta faɗaɗa gonaki, aka cinye daji. Malaman gona na lokacin suna koya wa mutane su tone kututture, su share gona tas don garmar shanu ta wuce. Har abin ya zama al'ada: manomin kirki shi ne wanda gonarsa ba ta da ko tsinke. Wanda ya bar sabara a gona, rago ne. Ga kuma doka. Tun zamanin Turawa aka ce itace na gomnati ne, dokar daji ta 1974 ta ƙara tabbatar da haka. In gawo ya girma a gonarka, ba ka da ikon sare reshensa sai da takarda, in ba haka ba ma'aikatan gandun daji su ci ka tara. To, wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Sai mutane suka riƙa kashe tsiro tun yana ƙarami, kafin ya zama rigima.

Sai fari ya zo a 1973. Ya sake komowa a 1984, da yunwar nan da tsofaffi ke kira El-Buhari, don ta zo daidai lokacin da Janar Buhari ya rufe iyakar Najeriya. Ƙasa ta tsiraita. Mutum ya shuka hatsi, iska ta binne shi da rairayi, ya sake shuka, har sau uku, har sau huɗu. Mata suna yini neman itacen wuta, in ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya zama takin gona. Gomnati ba ta zauna ba. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada, zamanin Seyni Kunce, aka yi ta dashe ko'ina. Amma dashen da yawa bai rayu ba. Ƙishirwa ta kashe wasu, awaki da gara suka cinye saura. Itacen da ba na kowa ba, wa zai ba shi ruwa?

A cikin masu dashen nan akwai wani Bature mutumin Ostiraliya, sunansa Tony Rinaudo, yana aiki da mishan a Maraɗi. Ya yi shekaru yana rarraba dashe ƙauye-ƙauye, yana gani suna mutuwa. Wata rana a 1983 yana tafe da mota ɗauke da dashe, sai ya tsaya ya rage iskar taya don ya ratsa rairayi. Yana tsaye sai idonsa ya kai kan wani ɗan tsiro a bakin hanya, irin wanda kowa ke ɗauka ciyawar banza ce. Ya matsa ya duba ganyen. Ashe itace ne da aka sare tuntuni, kututturen na nan da rai, saiwarsa ta yi nisa cikin ƙasa, kowace shekara yana toho, kowace shekara ana sare shi. Ya ɗaga kai ya ga irinsa ko'ina, har iyakar ganinsa. Ashe dajin bai mutu ba, yana ƙarƙashin ƙasa. Ba dashe ake bukata ba. Abin da ake bukata shi ne a zaɓi toho mai ƙarfi a kan kututture, a rage sauran, a bar shi ya tashi. Wannan aiki shi manoma suka sa wa suna sassaben zamani.

Kada ku ce Bature ya kawo mana itace. Kututturen namu ne, kuma kakanninmu sun san darajar gawo tun kafin a haife shi. Ana faɗa har yau cewa sarakunan Damagaram na dā suna yi wa mai sare gawo hukunci mai tsanani. Abin da ya yi shi ne ya duba abin da kowa ke takawa ya wuce.

Manoma kaɗan ne suka yarda su gwada da farko. Aka yi ta yi musu dariya, ana ce musu mahaukata, masu ƙazamar gona. Da dare wasu su shiga su sare musu tohon. Da yunwar 1984 ta tsananta, sai mishan ta ce za ta ba da abinci ga duk wanda ya bar itace a gonarsa. Ƙauyuka kusan 100 suka shiga, aka bar itatuwa wajen dubu 500. Da damina ta gyaru aka daina rabon abinci, me kuke tsammani ya faru? Kashi biyu cikin uku na itatuwan nan aka sare su.

A nan nake so mu dakata. Mutanen nan duka yunwa ɗaya suka sha. Bayani ɗaya suka ji, tiya ɗaya aka auna musu. Mafi yawansu sun bar itace don hatsin rabo, da hatsi ya ƙare aikin ya ƙare. Ban zarge su ba, mai jin yunwa ba a tambayarsa dalili. Amma saura, ƴan kaɗan ɗin nan, sun zauna sun yi lissafi da kansu. Sun ga inda itace yake iska ba ta binne shuka ba. Sun ga mata sun sami abin hura wuta kusa da gida. Sun ga hatsin da ke gindin gawo ya fi na fili kyau, don gawo yana kaɗe ganyensa da damina, ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma dabbobi suna taruwa a inuwarsa suna cin ƴaƴansa, suna bar wa gona taki. Babu wanda ke biyan su kuma, babu wanda ke duba su, maƙwabta na dariya. Suka ce: "Mu dai mun bari." Daga hannun waɗannan mutane abin ya yaɗu, daga gona zuwa gona, daga ranar kasuwa zuwa ranar kasuwa, har Agiye da Gazawa da Tasawa, har nan ƙasar Gidan Rumji. Da masu bincike suka zo bayan shekara 20, suka gwada hotunan sama na dā da na tauraron ɗan Adam, sai suka iske wajen hekta miliyan 5 na gonakin Nijar sun sake yin itace, itatuwa kamar miliyan 200. Babu wata ma'aikata da ta dasa su.

Ni ma ina da nawa labari, kuma ba na yabon kai ba ne.

Ƙanen mahaifina, wanda muke kira baba ƙarami, ya gano sassaben zamani a wata gona kan hanyar Maraɗi, ya komo ya fara yi a tasa. Ni lokacin ina saurayi, an yanka mini gamana, wato ƴar gonar da ake ba yaro ko mace su noma wa kansu a ranakun da ba a aikin gandu. Baba ƙarami ya ce in bar kalgo huɗu ko biyar a ciki. Na ce to. Amma da dare a dandali samari suna ta yi masa ba'a, suna cewa tsufa ya sa ya kasa sassabe. Kunya ta kama ni. Washegari na share gamanata ƙaf, na tara na sa wuta. Ban tsaya nan ba. Da salla ta matso, ni da abokaina biyu muka shiga gonarsa da almuru, muka sare masa sanduna masu kauri, muka sayar, na haɗa kuɗin riga.

A ƙauye ba a ɓoye sawu. Ya kira ni bayan sallar isha'i, mu biyu kaɗai. Na durƙusa na ce: "Baba, ka yi haƙuri, abokai ne suka ja ni." Bai daka mini tsawa ba. Ya ce: "Na ji. To, su sunka riƙe gatarin, ko kai?" Na yi shiru. Ya ce: "In su ne, tashi ka tahi, ba ruwanka. In kai ne, gobe ka zo mu gyara abin da ya rage." Da gari ya waye na tafi. Shi ya koya mini yadda ake sassaben. Rigar kuwa ko shekara biyu ba ta yi ba ta yage.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, ba satar ce ta fi ɓata masa rai ba. Cewar da na yi "an ja ni" ita ce. Mutumin da ya ce "ni na yi", ana iya gyara da shi, don ya san hannunsa na aiki. Hannun da ya sare jiya yana iya reno gobe. Amma wanda kullum wani ne ya sa shi, ko abokai, ko shaiɗan, ko zamani, ya mai da kansa kara a bisa ruwa. Ba ya da laifi, i, amma kuma ba ya da komi. Ko abin kirki ya fito daga gare shi, ba nasa ba ne.

Mun iya wannan magana ƙwarai a ƙasarmu. Ɗan lakkol ya faɗi jarrabawa, ya ce mushe ne ba ya son shi. Magidanci ya sayar da hatsinsa da kaka da arha don biki, da bazara ya sayo shi da tsada, ya ce ƴan kasuwa azzalumai ne. Wataƙila mushen yana da laifi, wataƙila ɗan kasuwan ma haka. Amma wa ya bar littafi ya tafi kallon kokowa? Wa ya buɗe rumbu? Mafi nauyi kuma shi ne mu jingina wa Allah ragwancinmu. Malamanmu suna ba da labarin mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah. Aka umurce shi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Hausawa ma sun ce: Allah ya ce tashi in taimake ka. Wanda ya bar toho a gonarsa bai yi jayayya da ƙaddara ba. Raƙumarsa ya ɗaure.

Yanzu wani cikinku zai ce: "Mushe, wannan magana ta masu gona ce. Ni yaro ne, ba a shawara da ni." Wata kuma za ta ce: "Ni in babana ya ce aure, lakkol ta ƙare." Kuna da gaskiya, kuma ba zan rufe ku da daɗin baki ba. Akwai abubuwa da yawa da ba su hannunmu. Ba mu muke sa ruwa ba. A 2005 an yi yunwa a jihar Maraɗi, ta taɓa har waɗanda suka yi renon itace, ko da yake su sun sami itacen sayarwa da ganye da ƴaƴan itace suka rage zafi. Akwai wanda gonar gado ta ƙanƙance masa har ba ta ciyar da gida wata uku. Akwai mai aron gona, wanda in ya yi renon itace mai gona zai ce yana neman ƙwace masa ƙasa. Yarinyar da aka fitar daga aji aka kai ɗaki tana shekara 14, ba ita ta zaɓa ba, kuma duk wanda ya ce mata "laifinki ne" ya yi zalunci. A nan gatari yana hannun ubanta, shi za a tambaya. Ina faɗin haka don na san iyaye ma suna karɓar littafin nan su duba, ko su sa a karanta musu da dare.

Amma ƙanƙantar gamana ba ta sa a ce ba gona ba ce. Kowane ɗayanku yana da tasa, ko da taki goma ce. Yaro bai isa ya hana ubansa sassabe ba, amma yana iya cewa: "Baba, a bar mini wannan guda ɗaya, ni zan kula da shi." Da wuya uba ya ƙi. Yarinya ba ta isa ta yi musu da mahaifinta ba, amma tana iya gaya wa innarta ko goggonta ko malamarta, tun da wuri, cewa tana son karatu, maimakon ta yi shiru sai ranar da aka kawo goro. Ba kullum ake dacewa ba. Amma na ga inda aka dace, kuma ban taɓa ganin inda shiru ya yi magani ba. Wa za ka zauna da shi a dandali, me za ka yi da dala biyar ɗin da ta shigo hannunka, za ka faɗi gaskiya ko za ka laƙa wa ƙanenka: waɗannan duk ba sai an kira taron gari ba.

Ku lura kuma da wani abu. Doka ba ita ta fara ba, mutane suka fara. Manoman farko sun bar itace tun ana cewa na gomnati ne. Da aka ga amfanin abin, sai ma'aikata suka sassauta, sannan dokar daji ta sake a 2004, sannan a watan Yuli na 2020 gomnati ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi hakkinsa a kan itacen da ya rena a gonarsa. Tsakanin 1983 da 2020 shekara 37 ke nan. Da sun ce sai doka ta gyaru za su fara, da yanzu rairayi ya kai bakin rijiya.

Kada kuma ku ɗauka ɗaukar nauyin kai shi ne kowa tasa ta fisshe shi. Baba ƙarami ya yi nasa, amma ni na shiga da dare na ɓata. Itacen mutum ɗaya ba ya tsira in gari bai yarda ba. Mutanen Ɗan Saga, a ƙasar Agiye, sun gane haka. Suka kafa kwamitin tsaron itace, da maza da mata, da manoma da makiyaya, suka sa ƙa'ida da tara a kan mai saran sata, kuma su da kansu suke zagayawa. Ba a aiko musu da soja ba. Har baƙi daga ƙasashe dabam-dabam suka riƙa zuwa ganin yadda suka yi. Wanda ya shiga irin wannan kwamiti ya san wata rana zai kama ɗan ƙanwarsa da gatari, kuma dole ya faɗa. Wannan ma zaɓi ne, kuma ya fi barin kalgo wuya.

A Burkina Faso ma an yi wani manomi, Yakuba Sawadogo, wanda ya yi ta haƙa ƙananan ramu a fako yana zuba taki, irin abin da muke kira tassa. Shi ma an ce ya haukace, har an sa wa gonarsa wuta. Ya mai da fako daji. A 2018 aka ba shi babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin, shekara ɗaya da Tony Rinaudo. Ya rasu a 2023. Ban kawo zancen lambar don ku yi kwaɗayinta ba. Dubban manoman da suka yi aikin nan a Gobir da Katsinar Maraɗi babu wanda ya san sunansu sai ƴan garinsu. Na kawo shi don ku ga dariyar mutane ba ta nuna wanda ke da gaskiya. Wani lokaci masu dariya ne ke da ita, shi ya sa ake tunani kafin a yanke shawara, ana tambayar manya, ana gwadawa a ƙaramin wuri tukuna. Iyayenku ma sun sha irinta. Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973, ana samun masu cewa karatu da Hausa ba lakkol ba ne. Ga shi yau kuna karanta wannan da bakinku, kuna kuma rubuta Faransanci.

Da yawa cikinku, maza, nan da ƴan shekaru za ku ji ana zancen cin rani, Kano ko Legas ko Agadas ko gaba da nan. Ban ce kada ku tafi ba. Kuɗin cin rani ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma akwai mai tafiya don ya lissafa abin da zai nemo da watan da zai komo shuka, akwai kuma mai tafiya don motar ta tsaya kuma abokansa sun hau. Na biyun nan in ya komo hannu wofi, zai ce gari ne bai karɓe shi ba.

Ga abin da za mu yi kafin ruwan farko. Kowa ya je gonar gidansu ko gamanar innarsa, ya ƙirga kututturen da ke toho, ya rubuta sunan kowane: sabara nawa, kalgo nawa, magarya nawa, gawo nawa. Sannan ya nemi izini a bar masa guda. A kansa za ka zaɓi toho mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ka cire saura. Ka rage ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsawonsa. Adda ta zama mai kaifi, kuma a yi sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Ka ɗaura masa ƙyalle don a san yana da mai shi. Wanda aka hana shi, ya zo ya gaya mini, akwai kututture a filin lakkol bayan aji na uku. Wanda kuma bai so yi ba, ya ce bai so ba, kada ya ce akuya ta cinye.